Bayan da Wuyan Tirelata Ya Karye

Beltsville, Maryland
18 ga Yuni, 2012

Zuwa ga Yayata, Yaya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ja mana kwananta. Mu ma nan lafiya lau, alhamdulillahi. An yi wa yara hutun makaranta. Sadiyya ta kusa kamo ni tsawo, Haidar kuwa har yanzu in na yi masa Hausa sai ya amsa mini da Turanci, amma in ya ji ƙamshin masa babu yaren da ba ya ji. Abban Sadiyya yana nan yana fama da aikinsa na injiniya a gidan rediyo, ya ce a gaishe ku.

Yaya, ranar da muka yi waya na ji muryarki ba daidai ba, kafin in yi miki bayani kuma kati ya ƙare. Na gane labarin hatsarin ya riga ni isowa, ya kuma yi ƙiba a hanya. Shi ya sa na zauna in rubuta miki shi yadda ya faru, tunda Malam Katung, maƙwabcinmu, zai zo Kaduna, ya ce zai aiko miki da takardar.

Kin san girkin biki da suna da nake yi a ƙarshen mako tare da Dorkas, ƙawata 'yar Jos. Kayan aikinmu ba sa shiga mota: manyan tukwane, tandar masa, murhun gashin tsire, rumfa, da tukwanen gas. Don haka muke jan tirela. Kada ki ɗauka irin dogayen nan ne na hanyar Zariya, amalanke ce kawai ta ƙarfe da ake ɗaura wa a bayan mota. Ta farkon a wani babban kanti muka saye ta, a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, Abban Sadiyya ya haɗa ta da hannunsa da noti da sifana a ƙofar gida. Mun yi murna da araharta, mun manta araha ba ta ado. A nan in dusar ƙanƙara ta zuba gishiri suke watsawa a titi, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake yi ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

A watan Afrilu, wata Asabar da hantsi, muna kan babban titin da ya zagaye Washington za mu suna a Bowie, ina tuƙi Dorkas na gefena, sai na ji ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe. Motar ta fizge hagu, ta fizge dama. Na dubi madubi na ga tirelar tana rawa a baya kamar ba a ɗaure take ba. Ashe wuyanta ne, wato ƙarfen da ya haɗa ta da mota, ya karye ta gefe guda, daidai ramin noti inda tsatsa ta cinye. Dorkas tana kiran sunan Allah da yarensu, ni ina salati. Kafin in samu in gangara gefe tirelar ta kife. Tukwane suka watse a titi, tukunyar gas guda ta gangara tsakiyar hanya, ga wata babbar mota tafe. Har yau in na rufe ido ina jin kukan birkinta. Ta tsaya, Yaya, tazarar da ke tsakaninta da tukunyar nan ba ta kai tsawon tabarma ba. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. 'Yan sanda suka zo suka tare hanya, suka rubuta mini tara, aka janye gawar tirelar.

Da Abban Sadiyya ya iso na zaci zai yi faɗa. Da ma ya yi. Sai ya tsuguna ya daɗe yana duban karyayyen ƙarfen, ya shafa shi, tsatsa ta zubo masa a tafin hannu kamar garin barkono. Ya miƙe muka kama hanyar gida. Bayan la'asar ya kira ni ya ce sana'ar nan ta ƙare, shi ba zai zauna yana jiran ranar da za a kira shi daga asibiti ba. Na san ba ni yake jin haushi ba, kansa yake tuhuma, tunda shi ya ɗaura notin. Amma kin san halinsa, in ya rufe baki sai ka ce an sa kwaɗo. Muka yi makonni gidan ba daɗi, gaisuwa kawai da maganar yara.

Ga shi kuma tun bara na yi wa matar Dakta Barau alkawarin girkin bikin 'yarsu Aliyya. Dakta Barau shi ne babbanmu a nan, shi ya tarbe mu lokacin da muka zo ba mu san kowa ba. An riga an gayyaci mutane daga New York har Atlanta, an ce musu za a ci masa da tsire irin na gida. Masu ba da hayar mota kuwa da na tambaya sun ce ba a sa musu tukunyar gas. Na rasa inda zan sa kaina: in saɓa wa miji, ko in kunyata mutanen da suka riƙe mu. Ban kai ƙara ba, amma maganar ta isa kunnen Dakta. Ya zo gida da kansa, suka keɓe da Abban Sadiyya. Abin da ya fito shi ne, Abban Sadiyya ya yarda in yi bikin Aliyya kaɗai, da sharaɗin sai an samu tirelar da shi da kansa ya shiga ƙarƙashinta ya gamsu. In ba a samu ba, shi ke nan. Abin da zai biyo bayan bikin kuma ya ce kada in tambaye shi.

Haka muka shiga yawon wuraren dillalai, ni da shi da Dorkas, yana ɗauke da tocila da tsohon kwali na shimfiɗawa a ƙasa. Ni da ban san komai a kan ƙarfe ba sai da na koyi kallon walda kamar yadda kika koya mini duba ɗinkin tela ta ciki. Tirelolin kamfanoni uku ne suka rage a gabanmu, sunayensu na da wuyar faɗa, sai Dorkas ta raɗa musu nata. Ta farko 'Yar Kwalliya, ja wur, fenti yana sheƙi, ƙofar bayanta na sauka a hankali yadda za mu tura murhu ba sai mun ɗaga ba. Ni ita na so. Shi kuwa da ya fito daga ƙarƙashinta ya ce ƙarfen gindinta siriri ne, waldar ɗigo-ɗigo ce aka lulluɓe da fenti, wayoyin fitila kuma suna reto a fili, dutse ɗaya zai tsinke su. Ta biyu Baturiya, ta alminiyam ce, fara tas, ba nauyi, ni kaɗai na iya tura ta da hannu. Ita ya so, don ya ce alminiyam ba ya tsatsa, shi kuwa tsatsa ce ta cuce shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ta uku ko kallon kirki ba mu yi mata ba. Toka-toka ce, dabbare-dabbare kamar tsohon bokitin ƙarfe, ga tsada, ga nauyi. Dorkas ta ce wannan sai dai Mummuna.

Muka yi ta ja-in-ja, biki yana matsowa. Ni ina ganin yana kushe duk wadda na nuna ne don lokaci ya ƙure a fasa. Shi yana ganin sauƙin lodi kawai nake dubawa, ba raina ba. Wata rana a mota har na faɗa masa haka, ya tsaya a gefen hanya ya ce in ina zaton wasa yake da maganar, to mu juya gida. Dorkas ce ta ba mu haƙuri, ta ce tunda mun kamo hanya mu ƙarasa wurin dillali na ƙarshe, can wajen Frederick, in ba a dace ba sai a haƙura.

A can ne, suna cikin magana da mai wurin, na hango tsofaffin tireloli jere a bayan shago, waɗanda mutane suka kawo gyara ko musanya. Na roƙi ya bar mu mu duba, ya buɗe mana. Sabuwa kowa ya iya yabonta, tsohuwa ce ke faɗin gaskiya. Muka samu irin 'Yar Kwalliya wadda ba ta fi shekara huɗu ba, fentin ya ɓare, na danna gindinta da mukullin mota sai ya burma. Na ja baya na bar ta. Muka samu irin Baturiya, ba tsatsa ko ɗigo, har ya fara murmushi, sai tocilarsa ta haska wani tsagu siriri kamar gashi a bakin waldar wuyanta. Mai wurin ya ce shi alminiyam ba ya ruɓewa, amma in ana yi masa lodi mai nauyi a wuri guda, gajiya yake yi ya tsage ba sallama. Murmushin ya ɗauke. Can ƙarshen layi ga wata Mummuna ta wani mai yankan ciyawa, ta fi su duka tsufa, duk ta lotse a gefe, katakon ya yi baƙi. Abban Sadiyya ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe har na fara kiransa. Da ya fito ya ce wuyanta ba manna shi aka yi a gaba ba, ƙarfe guda ne ya wuce ta ƙasa har wajen tayoyi. Waldar a jere take ba yankewa, wayoyin a cikin bututu, kuma launin nan da muka raina ba fenti ba ne, tsoma ƙarfen aka yi gaba ɗaya cikin irin abin da ake shafa wa kwanon rufi, shi ya sa gishiri bai ci ta ba. Tayoyinta huɗu, in ɗaya ta fashe uku na riƙe, tana kuma da birkinta na kanta. Ranar ba wanda ya yi nasara a kan wani, duka biyunmu mun sha ƙasa.

Muka tsaya a kan Mummuna, sai wata matsalar ta ɓullo: motata ba za ta iya jan ta ba, sai tasa babbar, kuma sai an sa mata na'urar da ke haɗa birkin mota da na tirela. Sabuwar ma babu a ƙasa, sai an kawo daga Pennsylvania. Abban Sadiyya ya miƙa mini mukullin motarsa, ya koma shiga jirgin ƙasa zuwa aiki. Tirela ba ta iso ba sai ana jibi biki. Na riga na jiƙa shinkafar masa, an yanka nama, matar Dakta tana kira safe da yamma, ni kuwa ina ce mata komai lafiya. Ana gobe biki ya kai ni filin wata makaranta da ba kowa, ya sa na yi ta taka birki da ja da baya har hannuwana suka yi tsami.

Ranar biki aka tashi da ruwan sama. Ya ɗaure tukwanen gas a tsaye da kansa, ya ja kowace igiya ya gwada, ya ce zai biyo mu a baya da motata. Wurin bikin a Lanham ne, dole sai ta titin nan dai. Na riƙe sitiyari kamar zan karya shi. Mun kusa mafitar Lanham sai wata ƙaramar mota ta yanko gabana ba sigina, ta kuma taka birki. Yaya, ban san lokacin da na danna nawa har ƙasa ba. Titi jiƙe, lodi cike. Na jira in ji fizgar nan ta baya, na jira ƙarar. Sai na ji kamar wani ƙaƙƙarfan hannu ya riƙe motar ta baya, muka tsaya a miƙe, tirela na bayanmu ko karkata ba ta yi ba. Na lallaɓa na gangara gefe. Abban Sadiyya ya tsaya a bayanmu ya fito cikin ruwan, ya zagaya tirelar, ya taɓa maɗaurin, ya taɓa tayoyin. Sannan ya leƙo ta taga, fuskarsa sharkaf, ya tambaye ni ko ya karɓi tuƙin. Na ce a'a, zan ƙarasa. Ya ce to in ja a hankali, yana nan baya.

An yi biki lafiya, ruwa ya ɗauke kafin azahar, masa ba ta kai la'asar ba ta ƙare. Amma ni ban saki jiki ba, don izinin biki ɗaya aka ba ni, ya kuma ƙare. Kwana da kwanaki bai ta da maganar ba, ni ma ban taɓa ta ba. Shekaranjiya ina wanke-wanke wayar gida ta yi ƙara, ya ɗauka. Wata mata ce daga Silver Spring take neman mai girkin suna a watan gobe. Na kashe famfo, na tsaya da kumfa a hannu ina saurare. Na ji ya tambaye ta ranar, ya tambayi unguwar, ya tambaya ko akwai filin da tirela za ta juya. Sannan ya ce mata Hajiyar tana aiki yanzu, amma ta sa rai, za ta zo. Ya ajiye waya ya wuce ɗaki abinsa, ko kallon kicin bai yi ba.

To kin ji yadda aka yi. Don Allah ki kwantar wa Inna da hankali, ki ce mata lafiyata ƙalau, maganar tukunyar gas kuwa ki bar ta tsakaninmu. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, don har yanzu in na hau titin nan sai na tuna hatsarin.

Ki gaishe mini da Inna da kyau da kyau, da Malam, da Kawu Almu da iyalinsa, da Nafisatu da jaririnta, Allah ya raya. Ki ce wa Tahir na ji ya ci jarrabawa, Allah ya sa albarka. Dorkas ma ta ce lallai in gaishe ki, wai tana son ganin wadda ta koya mini masa. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Mubaraka