Wanda Ke Ƙasan Gungume

Zambo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikoki, da gwiwar nan taka da na ji an ce ta soma damunka. Mu nan lafiya lau, sai tarin matata Eyenga da ya ƙi tafiya. Malamin cocinmu ne ke rubuta mini wannan, na kuma ce kada ya gyara mini magana, yadda ta fito haka zai sa ta.

Zan fara da abin da ka sani. Duk shekarun da muka yi muna tsaga katako da zarton hannu, kai ne a saman gungume, ni ne a cikin rami. Kana shan iska, ni garin katako na zubo mini a ido. Kullum sai ka ce gobe za mu canja. Har muka tsufa goben nan ba ta zo ba. Ka tattara ka koma Ebolowa da idonka garau, ni kuwa yau in mutum ya tsaya a ƙofa, sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Na sha aiko maka da wannan magana ta bakin mutane. Shiru.

Ga abin da ya taso. Ɗanka Abesolo ya iso ƙauye da injinsa na tsaga katako, wanda ake kwancewa a loda a mota, ya kafa shi a bakin gonar kokona. Na sa an kayar da itacen lokon da babana ya bar mini, don rufinmu ya ruɓe, ruwa na zuba a kan gadon Eyenga. So nake a fitar mini da jigon rufi guda, daga bango zuwa bango, babu haɗi. Ɗanka ya zagaya gungumen ya ce, "Baba Mejo, wannan ai giwa ce. Mu raba shi biyu, kowa ya koma gida da ƙafafunsa." Na ce masa ni da ubansa ba mu taɓa raba gungume don tsoro ba. Jigo mai haɗi, nan ruwa ke fara ci.

Ka san ƙa'idar garin nan. In za a mirgina gungume sama inda za a tsaga shi, masu igiya na gaba, masu sanda na gefe, amma waigin da ake cusawa a ƙarƙashi bayan kowane yunƙuri don kada ya dawo, ɗan gidan mai itace ke riƙe shi. In jininka ba ya ƙasa, ba wanda zai sa kafaɗa. Ba ni da ɗa namiji. Wato ni ne a ƙasa kuma, Zambo, da furfurata.

Ka gai da mutan gida.

Abokin zartonka,
Mejo Engolo

Zambo,

Gaisuwa. Ina fata wannan ta same ka lafiya, tunda ta farko ta same ka. Abesolo ya ce da hannunsa ya ba direban motar da ke zuwa Ebolowa. Ni da sauƙi, haƙarƙarina ne kawai ke hana ni dariya, da ma ba abin dariyar.

Mun gwada. An jingina dogayen itatuwa biyu a gadon injin, aka zagaya igiya, samari suka sha bammi suka tofa yawu a hannu. Na durƙusa a ƙasa da waigina. Ondowa, mai bakin nan da ke jan gaban igiya, ya leƙo ya ce, "Tsoho, gungumen na hannun hagunka fa, wancan da kake kallo kare ne." Suka kwashe da dariya. Na ce masa ina tsaga loko tun uwarsa na goyo.

Da kunne na yi aikin. In gungume ya yi nishi ya tsaya, sai in cusa. Haka muka kai shi rabin hanya. An yi ruwa a jajibirin, ɓawon ya yi santsi. Can sai na ji wata ƙara siririya, kamar ana murɗa busasshen kara. Na miƙa waigi, ashe ba daidai ba. Ban ga komai ba, sai ihu, sai na ji an fizgi wuyan rigata ta baya na faɗi a kan kututture. Iskar wucewarsa ta taɓa mini fuska. Waigin kuwa an tono shi daga cikin laka ya zama kamar tsintsiya.

'Yata Nnanga ce ta fizge ni. Ta kawo mana rogo da ganye ne, ta yar da kwanon. Ka tuna ta, ita ka ɗora a wuya ranar da aka yi mata baftisma. Mijinta na can aikin jirgin ruwa, tsohon ciki gare ta.

Yanzu samari sun ce ba za su sake tura gungume a kan makaho ba. Nnanga ta ce ai ita ma jinin gidan ce, ita za ta riƙe. Na yi mata tsawa, ta ce, "Baba, taurin kan nan a wurin wa na gado?" Har ta sassaƙa nata waigin, ina jin ta tana ƙwanƙwasa shi a bayan madafa. Eyenga ta daina yi mini magana, sai tari. Ɗanka kuma ya ce ranar kasuwa ce ta ƙarshe, daga nan zai kwance injinsa, ana jiransa a wani gari.

Na je wurin dattawa, sun tabbatar mini da abin da na sani: wanda kuka ja zarto ɗaya, kuka ci a tukunya ɗaya a daji, ɗan gida ne. Kana iya riƙe waigin nan. Idonka lafiya lau, ka kuma san wanda ya biya maka shi. Ka hau motar ranar kasuwa. Ba roƙonka nake ba, goben da ka yi ta faɗa ce ta zo.

Mejo

Zambo,

Ina gaisuwa don an koya mini gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Mu duka muna da rai, da ƙafafunmu.

Na tsaya a bakin hanya har motar ta sauke mutum na ƙarshe. Na bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya, babu taka. Direba ya danƙa mini wani ɗan ƙunshi, na cusa a aljihu na wuce gona.

Na tarar har Nnanga ta ɗaure zane ta durƙusa. Ondowa bai yi ba'a ba ranar. Aka ja, ta cusa, daidai. Aka sake ja, ta cusa. Na lallaɓa na dafa bayanta, na ji yadda take neman inda za ta kai cikin nan don ta sunkuya. Sai ƙarar nan ta dawo, siririyar nan. Ban san ina da sauran murya haka ba. Na ce su tsaya, su saukar, su saukar a hankali! Na kama ƙugunta na ja ta baya. Da ƙyar suka dire shi, igiya ta sale wa Ondowa tafin hannu.

Na zauna a kan gungumen babana na ce wa ɗanka ya kawo zartonsa ya raba. Ya ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce in ya sake tambaya zan fasa. Kafin azahar rabi biyun sun hau gadon injin kamar 'yan awaki. An ɗora jigon, da haɗi a tsakiya, daidai saman inda nake kwanciya. Ba na ganinsa, amma na san yana nan. Eyenga ta kwana a bushe.

Sai daga baya na kwance ƙunshinka. Tabarau. Babu takarda, babu ko gaisuwa. Na sa, ban ga komai ba sai hazon da na saba.

Ashe ka sani, Zambo. Duk shekarun nan ka san abin da ramin nan ya yi mini. Na ba direba tabaranka ya maido maka. Ba shi na tambaya ba. Me ya hana ka saukowa ko sau ɗaya? Tsoro ne, ko kuwa gani ka yi can ne wurina? In tsoro ne ka faɗa, ni ma yanzu na san shi. Kana da jikoki masu karatu, ka sa ɗaya ya rubuta. Ina bakin hanya duk ranar kasuwa. Ka amsa mini.

Wanda ke ƙasa,
Mejo Engolo