Kada a Rushe Ɗakin da Ya Tokare Coci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Mudasiru ɗan Alhasan, mai kula da sito a wani kamfanin gine-gine a Doha, nake rubuta wannan da hannuna a ɗakinmu na Al Wukair. Hankalina cikakke ne, ba wanda ya tilasta ni, ban kuma sha wani magani mai gusar da tunani ba. Zuwa gare ku 'ya'yana, Jamaldeen da Ghali da Zuleiha, kuma a karanta a gaban mahaifiyarku Fuseina.

Likitoci sun ce za su buɗe ƙirjina su gyara hanyoyin jinin zuciya. Sun ba ni 'yar takardar bayani, na karanta ta har ta yi laushi a hannuna. Ta ce mafi yawan mutane suna tashi. Ba ta ce duka ba. Ina jin tsoron wuƙar likita, ba zan ɓoye muku ba, amma akwai tsoron da ya fi wannan, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. In ta Allah ta kasance, a binne ni a nan. Kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa a jirgi. Mumin, abokin zamana, ɗan Zongon Kumasi, ya san yadda zai bi da kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, da ofishin jakadanci. Ba a bina bashi, ni ma ba na bin kowa.

Na biyu. Abin da na bari, Limamin Zongonmu ya raba muku yadda shari'a ta tsara. Ban fifita kowa ba, domin ba a yi wa magaji wasiyya. Roƙo ɗaya gare ni: ƙananan littattafan da ke cikin akwatina, na addini da na aikin gini, in kun yarda ku bar wa Zuleiha. Ban wuce firamare ba, a cikinsu na koyi duk abin da na sani. Mahaifiyarku takan ce, "Malam, kai ko sauro ya yi tari sai ka nemo takarda." Gaskiyarta. Ku yi haƙuri da ni sau ɗaya tak, ku karanta na uku a tsanake.

Na uku. Kada a rushe ɗakin Baba Gambo.

Kun tashi kuna ganin cocin da ke manne da gidanmu kamar yadda kuke ganin dutsen bayan gari, ba ku taɓa tsayawa kun dube shi ba. An gina shi a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya. Shekarar tana sassaƙe a bisa ƙofa, ko da yake gansakuka ta cinye lambar ƙarshe. Wani Baturen mishan ne ya zo da zanen cocin ƙauyensu na Ingila, ya ce haka yake so ba ragi ba ƙari: dogayen tagogi masu tsini a sama, rufi mai tsananin gangara irin na ƙasar da ƙanƙara ke zuba, da 'yar hasumiyar ƙararrawa a gaba. Daga kan tudu aka fasa dutsen. Farar ƙasar kuwa ɓawon kawa aka ƙona, aka kwaɓa da yashi. Kakan mahaifina, Baba Gambo, fataucin goro ya kawo shi daga arewa, ya tarar ana neman magina, ya ajiye kaya ya kama aiki.

Irin wannan rufi yana da nauyi, kullum tura bango yake yi waje. Shi ya sa ake jingina wa bangon ginshiƙai masu faɗin gindi daga waje su tare shi. Ku zagaya ku gani da idonku. Ta ɓangaren hanya ginshiƙan suna nan a jere. Ta ɓangarenmu akwai gurbi ɗaya da babu. Zazzaɓi ya kashe Baturen kafin a kai wurin, aiki ya tsaya, dattawan gari suka ba Baba Gambo wannan fili ya zauna. Shi ya san abin da aka bari ba a gama ba, sai ya gina ɗakinsa a cikin gurbin, ya yi masa bango mai kaurin da ya wuce na ɗakin kwana. A nan mahaifiyarku take kwana yau. Wannan ɗaki shi ne ginshiƙin. Katakon rufinmu kuma a cikin bangon coci aka soke shi. Shekara fiye da ɗari ke nan kowane yana riƙe da ɗan'uwansa.

Jamaldeen, na san niyyarka, kuma niyya ce ta ɗa nagari. Kana so ka sauke tsohon ɗakin ka yi wa mahaifiyarka ginin bulo mai bene. Ka ce mini a waya, "Baba, yanzu gidan Musulmi ne zai zama sandar dogarawar coci?" Na ji Ghali a bayanka yana dariya yana cewa, "Bar Injiniya, takardunsa ne suka motsa." Ban yi fushi ba. Na kasa ba ku amsa ne saboda numfashina ya sarƙe. Ga amsar yanzu.

Na ga irin wannan da idona a wani aiki a Al Aziziya. Akwai ɗan guntun bango da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Shugaban aiki ya ce yalla, wato maza, aka ture shi, ya ce khalas, shi ke nan. Katangar maƙwabta ta tsaya kamar ba abin da ya faru, har muka daina kallonta. Sai ta kwanta gaba ɗaya, ba ƙara, ba gargaɗi. Allah Ya sa ba kowa a gindinta. Bangon coci kuwa ba katanga ba ne, rufi da hasumiya ke kansa. Ta cikinsa, a daidai wurin, nan ake zaunar da yara ranar Lahadi. Nakan rufe ido in ga wannan rana, sai in ji zuciyar da za a gyara tana neman tsayawa tun kafin a taɓa ta. In abin ya faru, ba wanda zai tsaya jin labarin ginshiƙi. Cewa za a yi 'yan Zongo sun kayar da coci a kan 'ya'yan gari, kuma kun san abin da zai biyo baya.

Na huɗu. Tun da wataƙila ba zan kasance ba balle in hana, na ɗaure al'amarin yadda ba mai kwance shi. Na tambayi malamin masallacinmu a nan, ya tabbatar mini ina da iko a kan sulusin abin da na mallaka, ɗakin kuma bai kai sulusi ba. Saboda haka na mayar da ɗakin Baba Gambo wakafi, masaukin baƙin da suka sauka a Zongo ba su da kowa. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a rushe shi. Liman ne zai kula da shi. Mumin da Kamil, ɗalibi a nan daga Zariya, sun shaida. Jamaldeen, na san wannan zai yi maka ciwo, za ka ga kamar ban yarda da kai ba. Ka yafe mini. Ka yi benenka a filin bayan rijiya, nesa da bangon, kada tonon harsashi ya girgiza shi.

Na biyar. Kada siminti ya taɓa bangon cocin nan. Ginin farar ƙasa numfashi yake yi, yana shan ruwan damina yana fitarwa. In aka shafe shi da siminti, ruwan zai maƙale a ciki ya ruɓar da shi, waje yana sheƙi. A nemo farar ƙasa, a kwaɓa da yashi mai tsabta, a cike tsaguwar da ta fito a bangon, saman tagar da ke ɓangarenmu. Da na zo hutu, farcena ne kawai ke shiga cikinta. A hoton da Zuleiha ta aiko mini, yatsanta ya shige.

Na shida. Jamaldeen, ka je gidan Katikis Amponsa, mai kula da cocin, ka gaishe shi. Na ji kun yi sa-in-sa a kan ruwan indararo, har ka daina amsa gaisuwarsa. Dattijo ne, shi ya riƙe mini fitila ranar da aka haƙa kabarin kakanku. Ban ce ku shiga ku yi ibadarsu ba, addininmu na nan a hannunmu. Haƙƙin maƙwabci nake tuna muku. Ku nuna masa tsaguwar, ku yi gyaran tare, su ta ciki, ku ta waje. Ghali, kai ne mai bakin da ke sa mutane dariya, ka raka yayanka. Tun kafin a fara gyara, a mayar da mahaifiyarku ɗakin Zuleiha, har a gama mata benen. Za ta ce a nan ta haife ku, ba inda za ta. Ku lallashe ta, in ta ƙi ku ce ni na roƙa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu jin maganarku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada maganar ɗaki ta raba ku, kada a ji kanku a gaban Liman.

Ban sani ba ko duk abin da na tsara zai isa. Tsohon gini ne, ni kuma daga ƙananan littattafai na koya, mai yiwuwa akwai abin da ban gani ba. In bangon ya faɗi duk da haka, ku ne za ku fara isa wurin, domin ku ne mafi kusa. Kada ku tsaya tambayar ko na gida ne ko na coci. Ku fara tono ta inda kuka ji kuka.

Mahaifinku,
Mudasiru ɗan Alhasan