Kazar Babban Kanti

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni ma alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Kwanakin baya na sayo gasasshiyar kaza a babban kantin da ke kusa da wurin aikina. Washegari sai amai da zazzaɓi, har na kwana huɗu a asibiti. Yaya, cikin nan nawa na wata biyar ya zube. Likita ta ce wataƙila kazar ce, amma ba ta da tabbas.

Jiya na kai ƙorafi kantin. Manajan ya tambayi rasit, na ce na yar. Ya ce, "Sauran kazar fa?" Na ce na cinye. Ya miƙo mini takarda in cike. Na rubuta "ciwon ciki", na sa hannu. Ban yi kuka ba, har sabulu na saya kafin in fito.

Na koma aiki, kada ki damu. Don Allah ki gaya wa Inna ta daina saƙa hular jaririn. Ni na kasa faɗa mata.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki