Ƙararrawar Malam Almu

Batsari

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Zakka baki ɗaya. Tunda an katse mana layin waya, dole na koma ga biro da takarda. Daudu direba zai miƙa maki ita tare da yarinyar nan, Mahfuza.

Ba da son raina na turo ta ba. Uwarta Safiyyatu ce ta ishe ni da ƙorafi, wai yarinya ta rame, wai ba ta barci, wai ta je wurin gwaggonta ta sha iska. Ni ban ga ciwo ba, shagwaɓa na gani. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙaramar hukuma, ajin izu arba'in, sai yanzu da ta jiha ta matso za ta tsiro da iyayi. In ta zauna alwala ba ta tashi. In ta ɗauko aya sai ta koma, ta ɗauko ta koma, har ran mutum ya ɓaci.

To ga sharaɗina. Tilawa safe da rana da yamma, ba fashi. Kada ki haɗa ta da awakinki, ban haifi makiyayiya ba. Da ganin sabon wata ki maido mani ita.

Kin san bara ɗalibar Sammani na Darini ce ta je Katsina ta dawo da kofi. Sammani fa, wanda na sauke yana fama da Sabbi. Tun daga ranar, in muka haɗu a kasuwa sai ya riƙa yi mani wani murmushi na rainin wayo. Bana sai na goge murmushin nan daga fuskarsa, in Allah ya so.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Malam Almustapha


Zakka, Safana

Almu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, awakin ma suna gaishe ka, tunda ka tuna da su.

Na ga takardarka, har da sharaɗi. Sannu alƙali. Ni da na goye ka kana tsula mani fitsari a baya, yau ni kake sa wa hannu da "Malam". A gaban mahaifinmu ɗaya muka yi karatu, kuma na riga ka, saboda haka ka adana rawaninka ka ɗaura wa 'yan ajinka.

Ka ce ba ka ga ciwo ba. Ka taɓa kama hannun ɗiyar nan ka duba? Tsakanin yatsunta duk ya yi fari ya tsattsage don ruwa. Ranar da ta iso, tulu guda ta ƙarar a alwalar La'asar, tana yi tana kuka, wai zuciyarta na ce mata gwiwar hannu ba ta jiƙa ba. Waswasi ne ya kama ta tuburan, kai kuma da ake kira malami ka sa mashi suna shagwaɓa.

Shekaranjiya muna cin tuwo, cokali ya suɓuce mani ya faɗa kan faranti. Wallahi Almu sai yarinya ta sandare da loma a hannu, ta ce, "A ina na yi kuskure?" Da ƙyar na lallashe ta ta gaya mani. Ashe ƙararrawa ka saya irin ta alƙalan musabaƙa, kana kaɗa mata a gida duk inda harshenta ya goce. Ashe ko abinci take ci sai ka jefo mata aya ka ce ta ci gaba. Ta ce yanzu har cikin sallah tana jin ƙarar. Kai dai ka yi asarar hankali, Allah ya shirye ka.

Ga abin da muke yi, ko ka so ko ka ƙi. Buta ɗaya ƙarama na ware mata. In ruwan ya ƙare alwala ta ƙare, ta tashi, ko zuciyar ta ce me. Bayan Asuba mukan zauna a tabarma, ba tilawa ba hira. Ta ja tasbihi sannu-sannu, ta bi numfashinta yana shiga yana fita. Na ce mata in tunanin ya zo kada ta yi kokawa da shi, kada kuma ta shimfiɗa mashi tabarma. Ta bar shi tsaye a zaure kamar mai talla, in ya gaji ya wuce. Ranar farko ta kasa. Jiya kuwa har ta ce mani ta ji kukan kurciya, wai ta manta rabon da ta ji.

Karatu shafi biyu take yi a wuni. Sauran lokacin tana wurin awaki.

Ka gaida Safiyyatu, ita ce mai ido a gidan.
Yayarka, Larai


Batsari

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta, kuma na yi haƙuri da zagin saboda kin girme ni.

Maganar buta ɗaya ban musa ba, haka malamai suka ce a yi wa mai waswasi. Amma zaman bin numfashi da sauraron kurciya? Wannan aikin wanda ba shi da abin yi ne, irinku na ƙauye da in an gama girbi sai hamma. Shafi biyu! Ɗalibar Sammani izu nawa kike jin tana tilawa a wuni? Ku kuna can kuna jin numfashi, su suna Darini suna gyara tajwidi. A dandalin Katsina ba a raba maki don tausayi. In ta ji tsoron ƙararrawar gida, ta can fa, gaban manyan alarammomi da lasifika?

Ke ba ki san abin da nake ciki ba. Na gaya wa iyayen yara, na gaya wa liman, an ɗinka mata sabon hijabi. Ranar Juma'a Sammani ya tare ni a bakin masallaci, wai, "Malam, ya jikin ɗiyar tamu? Na ji an kai ta ƙauye jinya." Jinya! Wa ya gaya mashi? Tun ranar kalmar nan take yi mani yawo a kai, ko abinci ba ya yi mani daɗi. Na san da gayya ya faɗa. Na san yadda ya karkata hula da zai faɗa.

Ba zan jira sabon wata ba. Daudu zai biyo ranar kasuwa, ki haɗa mata kayanta.

Wassalam.
Almustapha


Zakka

Almu,

Salamu alaikum. Daudu ya zo, ya sha fura, ya koma da buhun gero a mazaunin da ka kama mata.

Ka ɗauko takardunka biyu a zuciyarka ka duba, tsakanin Sammani da ɗiyarka wa ka fi ambata? Har karkatar hularsa ka haddace. Ita nata waswasin na gwiwar hannu ne, kai naka yana Darini yana barcinsa lafiya. Ina jin mutumin nan da gaske jikin yarinya ya tambaya, ya wuce ya sayi tsirensa, kai ka kwaso shi ka kawo gida kana ci da shi kana sha da shi. Abin kunya, gemu har ƙirji. Da ka zo ka zauna mana a tabarmar nan da ka raina, ko ka samu ka ji ɗanɗanon tuwo.

Akwai maƙwabciyata Ikilima, tsohuwa ce makauniya, ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Na fara aiken Mahfuza da koko. Rannan tsohuwar ta roƙe ta ta ɗan karanta mata wani abu. Ina tsakar gida ina jin su. Ta ɗauko Suratu Maryam, can ta tsallake kalma. Na ji ta tsaya. Sai Ikilima ta ce, "Ci gaba 'yar nan, daɗi nake ji." Ta gyara kalmar ta wuce, ba ta koma farko ba. Yanzu kullum sai ta je, ta shafa mata man zafi, ta karanta mata har ƙafar ta lafa. Ta gano karatun nata na iya sanyaya wa wani rai. Kai wannan bai taɓa zuwa maka ba, kofi kake gani.

Ban ce ta warke ba, jiya ma sai da na ƙwace butar. Kuma ɗiyarka ce, ba ni da ikon riƙe ta. Na ce ta rubuto maka da hannunta. Ga takardar nan a ciki, ban karanta ba.

Larai


Zakka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna da ƙannena. Allah ya ƙara girma.

Baba ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka. Ina samun sauƙi, tsagar hannuna ta fara rufewa. Gwaggo na faɗa da yawa amma tana kula da ni.

Maganar Katsina, in ka ce in je zan je, ba zan saɓa maka ba. Gaskiya dai in na tuna dandalin sai in ji kamar ban taɓa sanin ko aya ɗaya ba. Gwaggo ta ce in faɗi abin da ke raina ko da ba daɗi. Raina ba ya son zuwa bana. Karatun ina son sa, ban bari ba.

Abu ɗaya nake so in sani, na daɗe ina jin nauyin tambaya. In na je aka kaɗa mani ƙararrawa har na faɗi, gida zan dawo, ko in wuce wurin Gwaggo? Ka gaya mani tun yanzu don in san kayan da zan ɗauka.

Ɗiyarka mai biyayya,
Mahfuza


Batsari

Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maki albarka.

Yau na je na ce a cire sunanki. Sammani na wurin. Ya yi murmushinsa, na ba shi hannu, na dawo gida da ƙafafuna, ba abin da ya same ni.

Wace irin tambaya ce kika yi mani? Gidanku ne. Ki dawo ranar da kika ga dama, ba mai tambayarki aya.

Ki ce wa gwaggonki bakinta bai canja ba, kuma na gode. Ki gaida tsohuwar da jiki.

Na so in sa a dafa maki abin da kika fi so ranar da za ki iso. Na zauna ina tunanin mene ne shi, ban sani ba, kuma na ji kunyar tambayar innarki. Ki rubuto ki gaya mani.

Babanki