Gyaran Kawu Audu Zai Karya Mini Baya

Assalamu alaikum Malam Bahauddeen. Don girman Allah ka taimake ni da shawara. Abin ya kai ni bango, ga shi kuma idan na faɗa a majalisa dariya za a yi mini.

Ni malamin dabbobi ne a Rogo, ina bin rugage ina yi wa shanu da tumaki allura, daga yankin Zoza har wani lokaci in tsallaka ƙasar Karaye. Hanyar tawa burtali ce da kwazazzabai da duwatsu, da damina kuwa sai wanda ya gani. Bara na samo keken gwanjo a Kano, irin na hawan dutse, mai shokazoba gaba da baya. Na auna da kaina, idan ya lotsa iyakarsa yana kusan taƙi guda. Malam, tun da na fara hawansa na manta da ciwon bayan da ya daɗe yana cina. Ramin da a da sai na sauka na tura, yanzu sai dai in ji taya ta shiga ta fito, kwalaben magani a jakata ko ƙara ba sa yi. Ba zan ɓoye aibinsa ba. A kan kwalta ko wurin hawa, duk taka feda sai ya yi ƙasa ya dawo kamar ina kan katifa, cinyoyina su yi ta aikin banza. Amma kwalta nawa ce a hanyata?

To sai na yi faci, na kai wa Kawu Audu. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, da gyaran keke ya yi mini makaranta. Shekararsa arba'in a rumfar nan ta bakin kasuwa. Na bar masa keken kwana biyu. Da na koma sai na tarar ya cire shokar baya ɗungurungum, ya yanko guntun ƙarfe ya huda ya ɗaure a gurbinta, ta gaba kuma ya murɗe maɓallinta ta ƙame. Wai ya hau ya ji keken yana rawa, kuma duk keken da ke rawa karyayye ne, 'yan Kano sun cuce ni. Shokar kuwa ya rataye ta a ƙusa a bakin rumfa, kowa ya zo sai ya nuna masa cutar da ya ciro daga keken ɗansa.

Na yi godiya, har da durƙusawa. To me zan ce?

Sati biyar ke nan, kowane dutse a ƙashin bayana yake sauka. Sau biyu na kasa kaiwa rugar da ake jirana, ruku'u ma yanzu sai na dafa bango. Matata Sadiƙa ta gaji da shafa mini man zafi, ta ce in ban je na faɗa masa ba ita za ta je, kuma na san bakinta. Ni ke da gaskiya, wannan ba na shakka. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan dubi mutumin da ya raine ni in ce masa bai iya sana'arsa ba, bayan duk kasuwa ta ji labarin.

Naka,
Mai Ciwon Baya, Rogo

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ban yi dariya ba, sai dai wajen ƙusar nan, ka yafe mini.

Kana da gaskiya, amma ba duka ba. Ni ma na hau irin kekunan nan. Tsawon lotsawar shoka shi ke nuna hanyar da aka ƙera keke dominta. Mai doguwar lotsawa irin naka yana haɗiye rami da dutse, taya ta manne da ƙasa, birki ya kama sosai a gangara. A hanya mai kyau kuma ya shanye maka ƙarfi. Mai gajeriya ya fi sauri da sauƙin hawa tudu, amma gargada ta fi isa jikinka. Ga mai bin burtali da ciwon baya, ka dace da naka.

Sai dai rawar da ka ce tana gajiyar da kai ta wuce ƙa'ida. Idan mutum ya zauna da jakarsa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ya kamata shoka ta lotsa, in ta yi yawa ɗaya cikin uku. Ina zargin iskar da ke cikin shokar taka ta ragu, ko an daidaita ta da nauyin wanda ya hau kafin kai. Ka ga ke nan hannun Kawu bai yi ƙarya ba, ya ji ciwon daidai, maganin ne ya kuskure. Ƙarfen nan kuwa ba bayanka kaɗai yake duka ba, mahaɗan keken ma suna shan wuya, wata rana za su iya tsagewa kana cikin gangara. Ka daina hawansa daga yau.

Ka nemo ɗan famfon shoka, na taya ba ya yi. Kada ka je rumfa, kada kuma Sadiƙa ta riga ka. Ka same shi a gida bayan la'asar, ku biyu. Kada ka tayar da zancen wa ya yi daidai. Ka ce rawar da ya gano gaskiya ce, ka binciko dalilinta, ga abin gyaran, amma hannunsa kake so ya yi. Shi zai mayar da shokar, shi zai ba ta iska kana zaune a sirdi yana aunawa. Maɓallin nan da ya murɗe ma yana da rana: a kulle a kwalta, a buɗe a daji. Mai shekara arba'in a sana'a da wuya ya ƙi sabon ilimi idan an kawo masa da ladabi, kuma abin da zai faɗa wa 'yan kasuwa ka bar masa.

Bayanka kuma ka kai shi asibiti, keke ba likita ba ne.

Abu na ƙarshe, ka faɗa masa ciwon da kake ciki, kada ka rage komai. Kana tsoron ya ji kunya na kwana biyu. Ka tuna yadda zai ji ranar da aka kawo masa labarin ka kwanta, ya gane aikin hannunsa ne, kuma sati biyar kana gaishe shi kana ɓoye masa. Wannan ce ba zai yafe wa kansa ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya ja da ran Kawu.