Wasiƙar da Baba Ya Aika wa Kwamanda

Paris, 7 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Mounira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya sanyin Lyon. Mu nan unguwar Goutte d'Or lafiya lau. Innarki da wanki Habibou suna gaishe ki.

Na rubuto da hannuna don in na kira waya zan ɗaga murya. Ranar Juma'a da muka fito masallaci, Alhaji Illiassou maƙwabcin shagona ya miƙo mini wayarsa a gaban mutane, ya ce, "Mai Moussa, wannan ba taka ba ce?" Na duba. Ke ce tsaye a tashar jirgin Part-Dieu, cikin kakin sojan Faransa, da bindiga a ƙirji. Na ce masa kama ce. Na yi ƙarya a ƙofar masallaci saboda ke.

Ni abin da na sani tiram kike tuƙawa, jirgin nan na cikin gari. Yaushe kika zama soja? Kuma sojan wa? Kin san yadda ake ciki tsakanin gida da mutanen nan. Ɗaurin auren Habibou ranar 23 ga Nuwamba ne. Ki mayar musu da kayansu kafin ranar, ko kuwa ki yi zamanki a Lyon.

Allah ya shirye ki.
Babanki, Mai Moussa

Lyon, 12 ga Oktoba

Baba,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka, na gaida Inna. Ya kasuwa?

Ba kama ba ce, ni ce. Alhaji Illiassou ya wuce ta gabana ranar, ya kalle ni, bai yi sallama ba, sai ya koma bayan ginshiƙi ya ɗauki hoto. Da ya gaishe ni da na amsa masa da ladabi.

Ban bar tiram ba. Shekara uku ke nan da na shiga sojojin ajiya, waɗanda nan ake ce wa rezerb. Mu mutane ne masu sana'o'inmu. A cikin rukunina akwai mai gasa burodi, akwai malamar lakwal mai koyar da yara, akwai wani dattijo mai gyaran lif. Kowa ya sa hannu da kansa cewa zai ba da kwanaki a shekara, ni nawa talatin ne. Akwai buro a nan Lyon da ke riƙe da sunayenmu na wannan yanki duka: wa ya iya tuƙa babbar mota, wa ya iya jinya, wa zai iya fitowa cikin kwana biyu. In sojojin dindindin sun yi kaɗan wajen tsaron tasha, ko wata masifa ta faɗo, daga can ake kiranmu. Ba wanda zai kai ni wata ƙasa in ban sa hannu ba.

Ka ce sojan wa. Baba, a asibitin Paris aka haife ni. Ina son Maradi, amma sau huɗu na taɓa ganinta. Kullum ana gaya mana a titi cewa mu baƙi ne. Na gaji da jiran ranar da za a ce mini ƙasar nan tawa ce, shi ya sa na je na tsaya inda masu ita ke tsayawa.

Na ɓoye maka, wannan laifina ne, ka gafarce ni. Kayan kuwa ba zan mayar ba.

Ɗiyarka, Mounira

Lyon, 29 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Wannan karon ba zan tsawaita ta ba, don raina a ɓace yake.

Mako biyu da suka wuce kogi ya ɓalle a wani gari kudu da Lyon. Aka kira mu. Kwana huɗu muna kwashe tsofaffi daga gidaje, ruwa iya ƙugu. Wata tsohuwa ta ƙi barin ɗakinta sai da kyanwarta, na goya ta a baya, kyanwar a cikin hular kwanona. Da muka dawo aka sa ni aiki a buron da na gaya maka, ni ke buɗe wasiƙun da ke shigowa.

Jiya na buɗe wata. Farar ambulan, rubutun Habibou, sa hannunka a ƙasa. "Ya mai girma Kwamanda, ina roƙo a sallami ɗiyata, yarinya ce, ba ta san abin da take yi ba." Na karanta ta a tsaye. Doka ta ce in kai wa kapitan, na kai. Ta karanta, ta cire tabarau, ta kira ni da muƙamina ta ce, "Sarzan, shekarunki nawa?" Na ce ashirin da bakwai. Ta ce, "Kina son fita?" Na ce a'a. Ta ce, "To ba ni da amsar da zan ba shi. Amma mutum ba ya rubuta irin wannan sai yana jin tsoro. Ki bincika."

Ka kai ni ƙara wurin shugabana kamar 'yar lakwal da ta gudu daga aji. Mutum goma sha ɗaya ke ƙarƙashina, Baba. Ban fita ba. Jiyan nan ma na ƙara sa hannu na shekara uku.

Mounira

Paris, 4 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Innarki ce Ramatou. Ki yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba. Kina cin abinci kuwa?

Babanki ya karanta wasiƙarki sau uku, ya rufe shago da la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Zan gaya miki abin da ya hana a faɗa. Ƙanensa Sufyan, wanda ya ɗauke ki a wuya ranar da kuka je Maradi kina ƙarama, ba hatsarin mota ya kashe shi ba kamar yadda muka ce muku. Soja ne a can gida. Motarsu ta taka nakiya a arewa. Babanki ne ya raka shi wurin ɗaukar soja tun farko, shi ya ce masa ya shiga. Ba a samu abin da za a yi wa wanka ba.

Maganar Alhaji Illiassou ba ta dame shi ba, duk abin da ya faɗa miki. Ban ce ki fita ba, ban ce ki zauna ba. Na dai ce ki sani.

Allah ya tsare mini ke.
Inna

Lyon, 9 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Inna ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa. Allah ya jiƙan Baba Sufyan. Na yi kuka, na yi masa sadaka ranar Juma'a.

Shi kai ka raka shi. Ni ba ka raka ni ba, da ƙafata na je, har ka yi ƙoƙarin fitar da ni. Duk abin da ya same ni ba ya wuyanka. Ba zan iya yi maka alkawarin ba abin da zai same ni ba, ko a tiram ma ba ni da wannan alkawari.

Zan zo auren wana. Da atamfa zan zo, amma kada ka ɗauka na ajiye aikin. Duk wanda ya tambaye ni a wurin, gaskiya zan gaya masa. In ka rufe ƙofa, zan gaishe ka ta bayanta in koma.

Ɗiyarka, Mounira

Paris, 15 ga Nuwamba

Mounira,

Salam. Ban yarda ba, kuma ba na jin zan yarda.

Jiya na gaya wa Alhaji Illiassou cewa hoton nan ɗiyata ce, sarzan ce, kuma nan gaba in ya gan ta ya yi sallama.

Ki gaya mini jirgin ƙarfe nawa. Ni zan zo tasha.

Babanki