Turakun da Aka Kafa a Burtali

Zuwa ga ɗana Abdulhakim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Bushira da yara, kamar yadda muke nan Karare lafiya.

Bayan haka, raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Ranar da ka zo da mutanen ofishinku kuka ce za a gyara saurar gabas da gari, a haƙa rijiyoyi, a raba wa matan da ba su da gona, har guɗa na yi. Shekara huɗu ke nan tun rasuwar mahaifinka ina ƙwadago a gonakin mutane.

Shekaranjiya aka kai mu aka nuna wa kowa kasonta. Sai na ga turakun da ka kafa sun ratsa burtalin da shanun gidan Daudu ke bi zuwa mashaya tun kakanni. Da yamma Ramatu matar Daudu ta shigo, ta ƙi ko zama. Cewa ta yi, "Nana, yanzu shanunmu fiffike za su yi?" Matar da ta shayar da kai wata uku lokacin da nake kwance! Ka san abin da rigimar gona da shanu ta jawo wa ƙasar nan, ba sai na faɗa maka ba.

Ka zo ka gyara. Ka gaida mutanen gidan.

Mahaifiyarka,
Nana Hadiza

*

Zuwa ga Abdulhakim,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso. Wai manya sun riga sun sa hannu a taswira, ba a canzawa. To, taswirar ce za ta sha ruwa, ko kuwa ita za ta zauna da maƙwabta? Karatun da ka yi ke nan?

Ban jira ka ba. Na tara mata huɗun da gonakinsu ke layi ɗaya da tawa, muka je gaban mai unguwa don kowacce ta rage gonarta a buɗe burtalin. Zuwaira, ɗaya daga cikinsu, ta turje, ta ce marayu biyar gare ta, ba ta barin ko taki ɗaya. Ban ga laifinta ba. Na ce a cire nata daga cikin nawa. Sauran ukun kowacce ta bar kunya goma, ni na bar ashirin. Daudu ya yi alkawarin shanunsa za su kwana a gonakinmu bayan girbi, mu samu taki. Jiya muka tumɓuke turakun, muka dasa shinge tare da mutanensa, yau da hantsi garken ya wuce, ko ganye bai taɓa ba.

Gonata ta ragu ƙwarai, amma gyaɗa ta fito.

Idan shugabanka ya tambayi wanda ya tumɓuke turakun, kada ka ce ba ka sani ba. Ka ce uwarka ce, tana Karare, ba ta zuwa ko'ina.

Wassalam,
Nana Hadiza